Na kai yarana bikin finafinan 'yan Latino na Shikago, ga abin da na gani

Maman Ilham (Shikago):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun daren Asabar nake son yin wannan rubutu, aiki bai bar ni ba sai yau. Maƙwabciyata 'yar Meziko ce, shekara 6 ke nan ƙofarmu na kallon juna. Duk watan Afrilu sai ta gayyace ni bikin finafinansu na 'yan Latino, wato mutanen Latin Amurka, da ake yi a garin nan, ni kuma in kawo uzuri. Bana sai ga ta a bakin ƙofa da tikiti huɗu a hannu, kunya ta hana ni cewa a'a. Na ɗauki Ilham da ƙaninta muka bi ta.

Fim ɗin da muka kalla ba wasan kwaikwayo ba ne, rayuwar mutane aka ɗauka yadda take. Wasu iyaye mata ne a Meziko da 'ya'yansu suka ɓace, ba rai ba gawa. Sukan haɗu su shiga jeji da shebur da wani dogon ƙarfe. Su soka ƙarfen a ƙasa, su zaro, su kai hanci. In suka ji wari sai su fara tono. Wata a cikinsu ta ratayo hoton ɗanta a wuya, rana ta cinye hoton har fuskar ta kusa gogewa, amma ta ƙi canza shi don shi ne na ƙarshe da ya ɗauka.

Ana cikin haka na ji maƙwabciyata ta damƙe mini hannu. Hannun sanyi ƙalau, yana rawa. Sai da muka fito take gaya mini ita ma ƙaninta, uwa ɗaya uba ɗaya, ya fita aiki wata safiya shekara 9 da suka wuce, har yau shiru. Jama'a, shekara 6 muna gaisawa da matar nan, na ba ta naman layya ta ba ni abincinsu, ban taɓa sanin abin da take kwana da shi ba. Ni a da in aka ce Meziko ba abin da ke zuwa mini sai 'yan ƙwaya da katangar kan iyaka, don abin da talabijin ke nuna mana ke nan. Akwai sauran kwanaki kafin a rufe. Wanda ke kusa ya daure ya je ko sau ɗaya ne.

Alhaji Garba Direba (Shikago):
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba wannan baiwar Allah haƙuri. Wannan biki na san shi farin sani, na yi shekara 24 ina jan tasi a garin nan, duk Afrilu sai na kwashi fasinjansu. Wani mutumin Kolombiya ne ya kafa shi, Pepe Vargas, a 1985. A kwalejin St. Augustine aka fara, finafinai 14 kacal, kuma ba su da ko allo, a jikin bango suka haska. Mutum wajen 500 suka kalla. Yau ga shi ya haura shekara 40 ba a fasa ba, finafinai na zuwa daga Meziko har Ajantina, har da na Sifaniya da Fotugal. Amma fa in faɗi gaskiya, na sauke mutane a ƙofar ba adadi, ban taɓa shiga ba.

Malam Sabi'u (Kano):
Salamun alaikum. Hajiya, na tausaya wa maƙwabciyarki, kuma haƙƙin maƙwabci ba ruwansa da addini ko ƙabila, wannan kin kyauta. Inda nake da magana shi ne kai yara. Shekarun Ilham nawa? Mu nan muna ganin abin da finafinan mutanen nan suka yi wa gidaje. Tashar Telemundo tana shigowa gida, yarinya ta koyi tsayawa gaban uwarta tana mayar da magana, ga shigar banza, ga mace da miji tana bin ƙanin mijin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku da ke can kuna fama da tarbiyya dama, sai kuma ku ɗauke su da hannunku ku kai su sinima?

Maman Ilham (Shikago):
Malam, Allah ya ƙara sani. Ilham shekararta 15, ƙaninta 13. Ban shiga da ka ba. Akwai jadawali da suke fitarwa, kowane fim da bayaninsa, na zauna na karanta, na kuma tambayi matar ko akwai abin da bai dace yaro ya gani ba. Wanda ta fara zaɓa ma na ce a canza. Kuma Malam waɗancan na talabijin daban, waɗannan daban. Ba attajiri mai katafaren gida, ba 'yar aikin da ta zama matar gida. Talakawa ne zalla da takalmin roba.

Malam Sabi'u (Kano):
To ai ko wannan ɗin, tono kabari da warin gawa abin nuna wa ɗan shekara 13 ne? Ba ki tsoron ya kasa barci?

Maman Ilham (Shikago):
Ya ɗan jima bai yi barci ba kam, ba zan ɓoye ba. Ya zo ɗakina ya zauna bakin gado ya ce, Mama, irin wannan ne ya sami ɗan gidan Kawu a hanyar Birnin Gwari? Na ce irinsa ne. Yaron nan a nan aka haife shi, duk lokacin da muke waya da gida ana maganar satar mutane sai ya tashi ya ba mu wuri kamar ba danginsa ake magana ba. Ranar ce rana ta farko da ya tambaye ni da bakinsa.

Hajiya Rabi (Maraɗi):
Allahu akbar. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ina karantawa hawaye na zuba, don mu ma nan muna da uwayen da 'ya'yansu suka bi hanyar Agadas zuwa Libiya, shekara da shekaru ko waya babu. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, har yau in ta dafa tuwo sai ta ajiye malmala ɗaya. Malam Sabi'u, maganarka kan finafinan tele gaskiya ce, mu ma an cika mu da su, na Meziko da na Birazil an juya su da Faransanci, in lokacinsu ya yi ko mai talla ba ka samu a titi. Amma kada laifin wani ya shafi wani.

Nafisa (Indiyana):
Anti Maman Ilham sannu da ƙoƙari. Don in ƙara wa zancen nauyi: a shekarar 2022 adadin mutanen da hukuma da kanta ta rubuta a matsayin ɓatattu a Meziko ya wuce 100,000. Kuma wannan ba sabon ciwo ba ne a yankin. A Ajantina, lokacin mulkin soja daga 1976 zuwa 1983, dubban mutane aka ɗauke ba a sake ganin su ba. Iyayensu mata suka fara taruwa a dandalin Plaza de Mayo a 1977, kowacce da farin ɗankwali, suna zagayawa duk ranar Alhamis. Har jariran da aka haifa a tsare aka raba wa wasu iyalai, kakanninsu mata suka yi ta bin diddigi, sun gano sama da 130 zuwa yanzu. Shi ya sa finafinan yankin suke yawan komawa kan uwa mai neman ɗanta. Ba don su sa mutane kuka ba ne kawai, a wurare da yawa fim ne ya riga kotu faɗin abin da ya faru.

Bashir (Bronx):
Ni dai ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ke raina. Duk wannan tausayin da ake yi, su suna tausayinmu? Na yi aiki shekara 3 a wani ɗakin ajiyar kaya, kusan duk ma'aikatan su ne. In suka juya harshe ba ka jin komai, aiki mai nauyi kullum ni da wani ɗan Gini ake turawa, ƙarin lokaci kuwa sai ɗan uwansu. Akwai sunan da suke kira na da shi, sai daga baya na gane baƙar fatata ake nufi. Ku kalli finafinan nasu na talabijin ma, jarumai duk farare tas kamar Turawa, baƙi da jajaye sai dai mai shara ko direba. To wace al'ada za mu je mu taya su murna?

Alhaji Garba Direba (Shikago):
Bashir ɗana, abin da aka yi maka ba daidai ba ne, kuma ba kai kaɗai ba. Ni ma na gamu da irinsu. Amma na gamu da wanda motata ta mutu cikin ƙanƙara ƙarfe biyun dare a titin 26, ya fito daga gidansa da wayar jona batir ya tayar mini da shi, na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa. Mutanen nan sun haura miliyan 60 a Amurka, a Shikago kusan kashi 30 cikin 100 su ne. Ba za ka auna su da mudu ɗaya ba.

Bashir (Bronx):
Baba Alhaji ban ce duka ba. Amma kai ma shaida ne, da aka fara kwaso 'yan Benezuwela daga Tekzas a motocin bas a 2022 aka zube su a garinku, baƙaƙen fatar da suka shekara da shekaru suna neman a gyara musu unguwa ai sun yi ƙorafi. An rufe musu makarantu an ce ba kuɗi, sai ga kuɗi ya fito.

Maman Ilham (Shikago):
Bashir, wannan ƙorafin na ji shi da kunnena a wurin aiki, kuma ban ga laifin masu yin sa ba. Amma ni na ga mutanen nan kwance a ƙasa a ofishin 'yan sanda da jarirai, sanyi na shigowa. Wanda ya rufe makaranta daban, wanda ke kwance a siminti daban. Kuma kada ka manta, a cikin masu bin wannan hanya akwai namu. 'Yan Senegal da Muritaniya nawa suka sauka Nikaragwa suka biyo ta Meziko a 2023? Kai da ke Bronx ka fi ni ganin su a masallaci.

Nafisa (Indiyana):
Yaya Bashir, maganarka ta fifita farar fata gaskiya ce tsantsa, kuma su kansu suna wannan faɗan a tsakaninsu. Meziko ba ta ƙirga baƙaƙen fatarta a babbar ƙidaya ba sai a 2020, aka samu kimanin mutum miliyan 2.5. Da jarumar fim 'yar ƙabilar Mixtec, Yalitza Aparicio, ta shiga takarar kyautar Oscar a 2019, wasu 'yan ƙasarta ne suka fi kowa zagin kamanninta. Amma ka ga inda nake ganin amfanin irin wannan biki ke nan. Finafinan da manyan tashoshi ba za su saya ba, na 'yan asalin ƙasa masu magana da harsunan Maya ko Kecuwa, da na baƙaƙen Kolombiya da Kyuba da Birazil, a irin wannan wuri suke samun allo. Abin da ka ce ba ka gani a talabijin, can za ka gan shi.

Sannan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye wanda ba a koya mana a makaranta ba. A jihar Bahiya ta Birazil akwai Hausawa da yawa da aka kai bauta a farkon ƙarni na 19, da damansu an kama su ne a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804. A 1807 aka bankaɗo shirin tawaye da Hausawa suka ƙulla a birnin Salbado, a 1814 kuma suka tashi da gaske. Babban tawayen shi ne na Janairun 1835, cikin watan azumi. Yawancin waɗanda suka yi shi Yarabawa Musulmi ne, amma akwai Hausawa a ciki, kuma an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Birazil ba ta haramta bauta ba sai 1888. Wato in ana maganar mutanen Latin Amurka, akwai jininmu a ciki.

Alhaji Garba Direba (Shikago):
Allah ya yi miki albarka 'yata. Kin tuna mini gida. Ni ɗan zangon Kumasi ne, amma na zauna Ankara ta Gana, kuma a unguwar Jamestown akwai mutanen da ake kira Tabom. Kakanninsu daga Birazil suka dawo bayan wannan tawaye, akwai Musulmi a cikinsu, har gidansu na nan ana ce masa Brazil House. An ce sunan ya samo asali daga gaisuwarsu ta Fotugis, in an tambaye su lafiya sai su ce ta bom. A Legas kuma su ne Aguda. Ina wucewa ta gaban gidan nan ina saurayi, ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana zan zauna da 'yan uwan waɗanda suka rage can ba.

Bashir (Bronx):
Wannan tarihin ban san shi ba gaskiya. Amma bai goge abin da aka yi mini ba.

Nafisa (Indiyana):
Ba zai goge ba Yaya. Ban kawo shi don haka ba.

Abdulhadi Edita (Kano):
Anti Maman Ilham, ni tambayata ta sana'a ce. Da wane harshe kuka kalla? An juya murya ne ko rubutu aka sa a ƙasa? Kuma bayan an gama, watsewa kawai aka yi?

Maman Ilham (Shikago):
Da Sifaniyanci suke magana, fassarar Turanci na fitowa a ƙasa. Da farko na wahala, ido na ƙasa ido na sama, amma bayan minti goma na saba. Kuma na gode Allah da ba a juya muryar ba. Akwai inda uwar nan ke kiran sunan ɗanta a bakin rami, muryar ta dishe. Wa zai iya maimaita wannan a ɗakin ɗaukar murya?

Da aka kunna fitila ba wanda ya tashi. Sai ga wadda ta shirya fim ɗin ta fito gaba, 'yar siririya da jakar goyo, aka ba ta makirfo, ga mai fassara a gefe. Mutane suka yi ta tambaya. Wani dattijo mai hular kaboyi ya miƙe, ya fara magana ya kasa ƙarasawa, ya ambaci sunan wani gari kawai ya zauna. Wasu daga baya suka amsa, ashe 'yan garin ne. A bakin ƙofa kuma aka karɓi 'yar takardar da aka raba mana tun shigowa, kowa ya ba fim ɗin maki. Da wannan ake fitar da gwanin 'yan kallo.

Abdulhadi Edita (Kano):
Wannan na ƙarshen shi ya fi burge ni, mai fim ya tsaya gaban 'yan kallo su tambaye shi ido da ido. Mu nan sai dai ka saki fim a YouTube ka zauna kana ƙirga masu kallo, in an zage ka a ƙasa ka share. Maganar juya murya kuma ina da ja kaɗan. Finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa, kakata da ba ta taɓa shiga aji ba tana bin labarin tsaf. Rubutu a ƙasa na masu karatu ne, kuma masu saurin karatu. Su ma na tabbata akwai tsofaffinsu da in fim ɗin na Birazil ne da Fotugis, ga fassara da Turanci, an bar su a baya.

Mutanen nan sun daɗe da ɗaukar fim da muhimmanci. Meziko ta yi zamanin da finafinanta suka mamaye duk ƙasashen masu Sifaniyanci, daga wajen 1936 zuwa ƙarshen shekarun 1950. Habana, babban birnin Kyuba, na da nata babban bikin tun 1979. A 1986 aka buɗe makarantar koyon fim a San Antonio de los Baños a Kyuba, marubucin nan ɗan Kolombiya Gabriel García Márquez na cikin waɗanda suka kafa ta, kuma tun farko an yi ta ne don ɗaliban Latin Amurka da Afirka da Asiya. Na daɗe ina mafarkin wannan makaranta wallahi.

Hajiya Rabi (Maraɗi):
Abdulhadi ɗana, mu ma ba a bar mu a baya ba fa. FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, tun 1969 ake yi, ya girmi na Shikago da na Habana duka. Kuma wanda ya fara cin babbar kyautarsa a 1972 ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda. Sai dai yau ka tambayi yaran lakwal ko sun san shi.

Malam Sabi'u (Kano):
Na karanta duk abin da aka rubuta. Tarihin Bahiya ya taɓa ni, Allah ya jiƙan waɗannan bayin nasa da suka riƙe addini cikin sarƙa. Amma ina nan kan bakata a abu ɗaya. Hajiya ta tace kafin ta shiga, ta dace. Wani zai karanta wannan ya kwashi iyali ya faɗa kowane ɗaki. Biki ne na mutanen da al'adarsu ta halatta giya da rawa da cuɗanya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In za a ce a je, a faɗi wannan ma.

Maman Ilham (Shikago):
Wannan gaskiya ne Malam, kuma na yarda a faɗa. Akwai finafinan da ko ni kaɗai ba zan zauna in kalla ba, bayaninsu kawai ya ishe ni. Daren buɗewa da na rufewa kuma akwai shagali da kiɗa da abin sha, ban je ba, ba kuma zan je ba. Wanda zai kai yara ya karanta jadawali, ya tambaya, in ya samu dama ya zaɓi na rana. Suna ma yin nuni na musamman da safe don 'yan makaranta.

Amma Malam zama da su ai muna yi, ko mun so ko ba mu so ba. Ajin su Ilham fiye da rabi su ne. Likitan haƙorinmu su ne, mai gyaran mota su ne. Abin da ya rage mini shi ne yarana su san su ta bakin masu zaginsu, ko su san su ta bakinsu.

Zainabu (Shikago):
Yaya, ba ki ba su labarin abincin ba! Ni ta kira ni a waya daren tana cewa Zainabu kin san mutanen nan zoɓo suke sha?

Maman Ilham (Shikago):
Ai kuwa. Kafin fim ɗin maƙwabciyata ta ce sai mun biya ta Pilsen, unguwarsu ta dā, ta nuna wa yara zanen da ke jikin gine-gine, da gidan tarihin fasahar Meziko da ke nan, shiga kyauta ne. Muka tsaya wani ɗan shago, sai ga manyan tuluna na gilashi a jere. Ja wur ɗin nan na ɗanɗana, zoɓo ne sak, sai dai ba citta ba kanumfari, suna ce masa hamaika. Na kusa da shi tsamiya ce. Farin kuma orcata, da shinkafa da kirfa suke yi. Ga masara a kan sanda an shafe ta da cuku da barkono. Ɗana ya cinye biyu.

Abu ɗaya da zan ja kunne: tamale ɗinsu, wanda ake naɗewa a ɓawon masara kamar alala, yawanci da kitsen alade ake kwaɓa ƙullin ko da naman kaza ne a ciki. Haka waken da suke damawa. Maƙwabciyata ce da kanta ta hana ni saye, ta ce bari sai ta yi mana da man gyaɗa a gida. Tun shekarar da ta ga muna azumi ta san abin da ba ma ci.

Nafisa (Indiyana):
Anti, orcatar Sifaniya ta asali ma da aya ake yin ta a Balensiya, kunun aya ne ba wani abu ba. Kuma ki saurara in maƙwabciyarki tana magana za ki ji tana cewa ohala in tana fatan wani abu. Daga Larabci kalmar ta fito, daga ambaton yardar Allah, tun zamanin Andalus. Haka asukar, sukarinmu ke nan.

Maman Ilham (Shikago):
Ikon Allah! Kullum sai ta faɗe ta. Ko ranar ma da muke dawowa a jirgin ƙasa, da ta gama ba ni labarin ƙanin nata, da ita ta rufe.

Bashir (Bronx):
Akwai irin wannan biki a nan New York, ina ganin tallarsa a jirgin ƙasa. Ban yi alkawari ba. Amma in akwai wanda ya shafi baƙaƙen Birazil ɗin nan, Nafisa ki turo mini.

Nafisa (Indiyana):
Zan duba in turo maka Yaya. Anti, ranar Asabar ba ni da aji, in za ku koma zan shigo jirgi in same ku.

Maman Ilham (Shikago):
Za mu koma in sha Allah, akwai wani na Gwatamala da Ilham ta zaɓa, na duba shi ba matsala. Amma Malam Sabi'u ina da tambaya, kuma da gaske nake. Jiya da daddare matar nan ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da hoton ƙanin nata a hannu. Saurayi ne, yana dariya, ya jingina da wata tsohuwar mota. Ta ce tana jin motsina da asuba in na tashi salla, don bangonmu ɗaya. Ta ce in sa shi a addu'ata. Na karɓa na ce to, amma na kwana ina tunani, tunda ba Musulmi ba ne. Ya halatta?

Malam Sabi'u (Kano):
Hajiya, ba wanda ya tabbatar miki ya mutu. Mai rai kuwa ana roƙa masa shiriya da lafiya da kuɓuta daga hannun azzalumai, ba saɓani a wannan. Ki roƙi Allah ya bayyana shi, ya mayar da shi ga 'yan uwansa, ya sanyaya zuciyar 'yar uwarsa. Uwarsu na da rai?

Maman Ilham (Shikago):
Tana nan Malam, a can ƙauyensu. Ta ƙi yarda ta taho Amurka, wai kada ya dawo ya tarar da gida a rufe.

Malam Sabi'u (Kano):
To ki haɗa da ita. Ki turo mini sunansa ta akwatin sirri, gobe bayan asuba zan sa almajirai su ma su roƙa.

Alhaji Garba Direba (Shikago):
Hajiya, Asabar ɗin ƙarfe nawa ne? Motata na cin mutum shida. Zan ɗauko Nafisa a tasha in biyo ta gidanku, ku gaya wa maƙwabciyar ta shirya. A saya da ni, wannan karon zan faka motar in shiga.